Babi na Bakwai: Inshorar Diyyar Ma'aikata a Amurka Idan Ma'aikacinka Yana Wata Jiha

Wannan babi na waɗanda suka buɗe sana'a a Amurka ne har suka fara ɗaukar mutane aiki: mai tirela biyu ko uku, mai kamfanin share ofisoshi, mai gyaran gidaje, mai shagon da ya ɗauki akawu tana yi masa lissafi daga gidanta. A karanta a hankali, sakin layi bayan sakin layi. Wanda yake da takardar inshorarsa ya ɗauko ta ya ajiye a gabansa, domin za mu duba ta tare.

Abin da inshorar take biya

Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ko aikin ya jawo masa ciwo, inshorar diyyar ma'aikata ce take biyan kuɗin asibiti. Tana kuma ba shi wani kaso na albashinsa a lokacin da yake jinya. A yawancin jihohi kason ya kai kashi biyu cikin uku na abin da ya saba samu a mako, amma kowace jiha tana da iyakar da ba a wucewa. Idan rai ya yi halinsa, a biya iyalinsa, a kuma taimaka da kuɗin jana'iza. Ba a tambayar wa ya yi sakaci. Abin da mai kamfani ya samu a nan shi ne, ma'aikacin da ya karɓi diyya ba ya kai shi kotu a kan raunin, sai a wasu 'yan wurare da doka ta keɓe.

Wanda ya san tsarin Najeriya zai iya ruɗewa. A can doka ɗaya ce ta tarayya, ta shekarar 2010, hukumar NSITF ke riƙe da asusun, kuma mai kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa. Ko ma'aikacin yana Kano ko yana Fatakwal, asusun guda ne. Amurka ba haka take ba. Kowace jiha da dokarta, da hukumarta, da farashinta. Jihar Wiskonsin ta kafa tata a 1911, Misisipi ba ta kafa ba sai 1948. Ko yawan ma'aikatan da ke wajabta inshorar ya bambanta: a Kalifoniya da New York mutum ɗaya ya isa, a Jojiya sai sun kai uku, a Fulorida sai huɗu, amma idan aikin gini ne a Fulorida, daga mutum ɗaya ta wajaba.

Dokar wace jiha ce take aiki?

Masu kamfani da yawa suna ɗauka cewa tunda ofishinsu yana jiha kaza, dokar jihar ce kawai ta shafe su. Wannan zato ya jefa mutane cikin bashi. Hukumomin diyya suna duba abu uku: jihar da aka ƙulla ɗaukar aikin, jihar da ma'aikacin ya fi zama yana aiki, da jihar da raunin ya same shi.

A ce kamfaninka yana New Jersey. Ka ɗauki direba wanda yake zaune a New York, a can yake ajiye mota, daga can yake tashi kullum. Rannan ya zame daga bayan tirela yana sauke kaya a Fensilbaniya. Wannan direba yana iya samun hanyar neman diyya a jiha fiye da ɗaya, kuma lauyansa zai zaɓi wadda ta fi biya. Ba za a biya shi sau biyu ba, ana cire abin da ya riga ya karɓa. Amma idan jihar da ya zaɓa ba ta cikin takardarka, kamfanin inshora yana iya janye jiki, kuɗin ya dawo kanka.

Haka batun yake ga mai aiki daga gida. Akawun da take zaune a Jojiya tana yi maka lissafi a kwamfuta ma'aikaciyar Jojiya ce, ko da ba ka taɓa taka jihar ba. Kuma idan ma'aikacinka ya yi ƙaura zuwa wata jiha ya ci gaba da aikinka daga can, wajibinka ya bi shi, ko ya faɗa maka ko bai faɗa ba. Saboda haka a rubuta a takardar ɗaukar aiki cewa duk mai shirin canza jiha ya sanar kafin ya tashi.

Buɗe shafin farko na takardarka

Yawancin kamfanonin inshora suna amfani da takarda iri ɗaya, wadda NCCI, cibiyar da ke tsara takardu da lambobin wannan inshora, ta tsara. A shafin bayani na farko akwai layi mai lamba 3, ya rabu gida-gida. A nan duk maganar take.

Gidan 3.A shi ne jerin jihohin da aka yi maka cikakkiyar inshora. Ana rubuta su da haruffa biyu-biyu: NJ (New Jersey), NY (New York), GA (Jojiya), FL (Fulorida). Duk jihar da kake da ma'aikaci a cikinta yau, dole ta fito a nan, ban da jihohi huɗu da za mu ambata a gaba. Ɗauki biro ka rubuta jihohin da mutanenka suke a wata takarda, ka gwada da abin da ke 3.A. Idan akwai wadda ta ɓace, kira dillalin inshorarka yau, kada ka jira lokacin sabuntawa.

Gidan 3.B na kariyar mai kamfani ne idan aka kai shi ƙara a kan raunin da diyya ba ta rufe ba, misali matar ma'aikaci ta shigar da ƙara a kan nata asarar. Mafi ƙarancin da aka saba rubutawa shi ne dala 100,000 ga kowane haɗari, dala 500,000 jimlar cututtuka, da dala 100,000 ga kowane ma'aikacin da ya kamu da cuta. Manyan kamfanonin da ke ba da kwangila sukan nemi a ɗaga shi zuwa dala miliyan ɗaya.

Gidan 3.C shi ne na sauran jihohi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutum ya ga an rubuta masa jihohi da yawa a 3.C sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka ya rufe ƙasar duka. Wannan gida kamar tayar ko-ta-kwana yake a bayan mota: tana kai ka wurin mai faci, ba a yin doguwar tafiya a kanta. An yi shi ne domin aikin da ya ɓullo bayan takardar ta fara aiki, wanda ba a san da shi ba lokacin sa hannu. Sharaɗinsa biyu. Na farko, da zarar ka fara aiki a jihar da ke 3.C, ka sanar da kamfanin inshora nan take, su mayar da ita 3.A. Na biyu, idan a ranar da takardar ta fara aiki kana da aiki a wata jihar da ba ta cikin 3.A, kwana 30 kake da su ka sanar. Idan suka wuce, babu kariya a jihar. Wannan sharaɗi na biyu yana kama mutane a lokacin sabuntawa: an ɗauki ma'aikaci a tsakiyar shekara, ba a faɗa wa kowa ba, takarda ta sabunta, kwana 30 suka shige, sai rauni ya zo.

Idan gidan 3.C babu komai a cikinsa, tambayi dillali dalili. Mai kamfanin da kamfanonin inshora suka ƙi sayar masa har ya sayi inshora ta hanyar da jiha ta tanada wa irinsu, sau da yawa kariyarsa ta sauran jihohi taƙaitacciya ce ƙwarai.

Jihohi huɗu da ba a sayen inshorar a kasuwa

A Ohayo, Washinton, Wayomin da Dakota ta Arewa, gwamnatin jiha ce kaɗai take sayar da wannan inshora. Kamfanin inshorarka na kasuwa ba zai iya rubuta su a 3.A ko 3.C ba, ko da ka roƙe shi. Idan ka ɗauki ma'aikaci a ɗayansu, sai ka yi rajista da asusun jihar ka biya can: a Ohayo hukumar BWC, a Washinton L&I, a Dakota ta Arewa WSI. A lura, Washinton ta nan jiha ce ta gaɓar yamma, ba babban birnin tarayya ba.

Akwai giɓi a nan. Asusun waɗannan jihohi yana biyan diyya, amma bai haɗa da kariyar mai kamfani irin ta 3.B ba. Ana cike giɓin da ƙarin sharaɗi da ake maƙalawa a takardarka ta wata jiha ko a inshorar kamfaninka ta gama-gari. Ka ce wa dillali kana son kariyar mai ɗaukar ma'aikata a jihar da gwamnati ke riƙe da asusu, zai gane.

Teksas kuma nata daban ne. Doka ba ta tilasta wa yawancin kamfanoni masu zaman kansu su saya ba. Amma wanda ya ƙi saye, ma'aikaci yana iya kai shi kotu kai tsaye, kuma ba zai iya kare kansa da cewa ma'aikacin ma ya yi sakaci ba. Ga ƙaramin kamfani, shari'a ɗaya ta isa ta rufe shi. Shawararmu a saya.

Tafiyar ɗan lokaci

Tura ma'aikaci wata jiha na kwana biyu ko mako guda ba daidai yake da zaunar da shi can ba. Jihohi da dama suna amincewa da inshorar jihar da mutum ya fito idan zaman gajere ne, sai dai kowace da ma'auninta. Fulorida tana ƙirga kwana 10 a jere ko kwana 25 jimla a shekara. Ohayo tana ba da har kwana 90. Aikin gini shi ne aka fi tsanantawa: ɗan kwangilar da zai yi gini a New York sai NY ta fito a gidan 3.A nasa, 3.C ba ta wadatar ba, ko da aikin na 'yan kwanaki ne. Kafin mota ta tashi, a buga wa hukumar diyya ta jihar da za a je waya, a rubuta ranar da aka kira da amsar da aka samu.

Yadda ake lissafin kuɗin

Kowane irin aiki yana da lamba da farashi. Akawun ofis lambarsa 8810, masu rufin gida 5551, kuma farashin mai hawa rufi ya ninka na akawu sau da yawa saboda haɗarin. Wasu jihohi, irin su Kalifoniya, New York, New Jersey da Fensilbaniya, suna da cibiyoyinsu na tsara lambobi da farashi, don haka aiki ɗaya yana iya zama da farashi biyu a jiha biyu.

Ana raba albashin shekara da 100, a ninka da farashin. Ga misali da lambobin koyo kawai, ba farashin wata jiha ba ne. Direba yana karɓar dala 50,000 a shekara, farashi dala 8 a kan kowace 100. Raba 50,000 da 100, ka samu 500. Ninka da 8, ka samu dala 4,000. Kamfanin da ya girma ana ƙara masa ko a rage masa gwargwadon yawan raunukan da aka samu a wurinsa a shekarun baya.

Abin da ka biya a farkon shekara ƙiyasi ne. A ƙarshenta kamfanin inshora yana binciken littafin albashinka, ya ga ainihin abin da ka biya, jiha-jiha, aiki-aiki. Idan littafinka bai raba albashin kowace jiha da kowane aiki ba, mai bincike yana iya ɗora shi a kan lamba mafi tsada. Don haka tun ranar farko a ware shafi ga kowace jiha.

A nan ne kuma maganar 'yan kwangila take fitowa. Ba wa mutum takardar haraji ta 1099, wadda ake ba masu zaman kansu, bai mayar da shi ɗan kwangila ba. Idan kai ke sa masa lokacin shiga da fita, motarka yake tuƙawa, kai kaɗai yake yi wa aiki, hukuma tana iya cewa ma'aikacinka ne. Ɗan kwangila na gaskiya kuwa, karɓi takardar shaidar inshorarsa kafin ya fara, ka duba ranar ƙarewarta, ka tabbata jihar da zai yi aikin tana cikin inshorar tasa. Idan ba shi da ita, mai bincike zai haɗa kuɗin da ka biya shi cikin albashin ma'aikatanka, raunin yaransa kuma yana iya faɗowa kanka.

Idan aka kama mutum babu inshora

A New York tarar tana iya kaiwa dala 2,000 a kan kowane kwana goma da aka yi babu inshora. A Kalifoniya laifi ne da ake hukunta shi da tarar da ba ta gaza dala 10,000 ba, ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda, ko duka biyun. Fulorida da Masachusets suna ba da umarnin dakatar da aiki nan take, ba a ci gaba sai an gyara. Duk wannan ban da kuɗin jinyar wanda ya ji rauni, wanda a wasu jihohi ake bin mai kamfani shi kansa, har dukiyarsa ta gida. Shi ma ma'aikacin da ya karye yana kwance yana jira, kuɗin haya yana taruwa, ana ta jayayya a kan wa zai biya.

Idan rauni ya faru a wata jiha, a fara kai mutum asibiti, sannan a sanar da kamfanin inshora a ranar. Wa'adin kai rahoto ga hukuma na jihar da ake neman diyyar ne, kuma a wasu jihohi 'yan kwanaki ne kawai.

Aikin aji

1. Rubuta sunan kowane ma'aikacinka da lamba, ka sa jihar da aka ɗauke shi da jihar da yake aiki. Gwada da gidan 3.A.
2. Takardar wani mai kamfani ta sabunta ranar 1 ga Maris. Yana da akawu a Jojiya, amma GA tana 3.C kawai. Me ya kamata ya yi, kuma kwana nawa yake da su?
3. Akawu tana karɓar dala 40,000 a shekara, farashi santi 25 a kan kowace dala 100. Nawa ne kuɗin inshorarta?
4. Wani kamfanin New Jersey ya ɗauki direba mazaunin Ohayo. Ina zai sayi inshorar diyya, kuma wace kariya ce zai nema daban?
5. An yi kwana 60 babu inshora a New York. Tarar za ta iya kaiwa nawa?