Yadda ake ƙara ma hancin ƙaramar roka nauyi

Jama'a duk wanda ya harba rokar da ya haɗa da hannunai ya ga ta tashi tana juyi sama kamar kazar da anka yanka, to yawanci ba injin ba ne, baya ne ya fi gaba nauyi. Dubi kibiya, ƙarhen na ga tsini, shi ya sa take tahiya miƙe. Roka ma haka take.

Wuri biyu za ka sani. Na farko inda nauyinta ya daidaita, ka aza ta bisa yatsa har ta tsaya ba ta rinjaya gaba ko baya ba, ka sa alama da biro. Amma don Allah ka sa inji sabo da laimar da ke sauko da ita da komi ciki kahin ka auna, mutane da yawa nan suka kuskurewa, su auna ta wofi sannan su zura inji irin C6-5 mai wajen giram 24 a gindi lissahi ya rushe. Na biyu inda iska ke tura ta, wannan manhajar OpenRocket za ta hidda maka shi kyauta, lissahin wani injiniya Ba'amurke James Barrowman ne na shekarun 1960 take aiki da shi. Ka'idar ita ce wurin nauyi ya zama gaba da wurin iska da faɗin bututun jikin rokar sau 1 zuwa 2. Misali bututunka milimita 25 ne, wurin iska na santimita 30 daga tsini, to yatsanka ya kamata ya tsaya tsakanin santimita 25 da 27.5 daga tsini.

Mi za a sa? Turawa sun hi amfani da laka irin ta wasan yara, a mulmula a tura da sanda. Ni dai ban yarda da ita ba nan Sakkwato, watan Afrilu zafi ya wuce digiri 40 ka bar roka cikin but ɗin mota lakar ta yi laushi, ana harbawa ta zame baya, ta faru gare ni rokar ta kihe cikin gonar mutane sai haƙuri munka yi ta ba da. Yanzu 'ya'yan boris na keke nika sa, ko ƙananan noti, ko dalmar masunta in an samu, in haɗa da gam mai ruwa biyu irin Araldite. In dalma ce ka wanke hannu kuma kar yara su taɓa.

Nauyin can ƙurya cikin tsini za shi, iyakar inda ya iya kaiwa, don giram 10 ga tsini ya fi giram 10 ga wuyan hanci jawo ma'auni gaba. Kahin ka zuba gam ka liƙa shi da salatif ta waje, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana azawa ga yatsa har wurin nauyi ya kai inda lissahi ya nuna, sannan ka auna bisa sikeli, kar ka manta gam ɗin ma nauyi gare shi. Ka kankare cikin hancin da sanfefa don gam bai son roba mai santsi, in nauyin da yawa ka huda ka gitta ƙusa ta tsakiya. Gam ɗin shina zafi in zai daskare, har ya iya lanƙwasa roba, to ka tsoma tsinin cikin kofin ruwan sanyi ka bar shi tsaye.

Ya bushe, ɗaura zare daidai wurin nauyi ka wulwula ta bisa kai. In hanci ya bi gaba ta yi, in tana tahiya a karkace ƙara kaɗan.

Kar kuma ka cika. Hanci ya yi nauyi da yawa roka ba ta yin nisa, kuma da iskar hunturu ta buso sai ta juya ta fuskance ta ta tahi kwance. Igiyar da ta haɗa hanci da jiki ma ka ƙara mata tsawo da ƙwari, don lokacin da laima za ta hito hancin da ƙarhi shika fizgewa, in ta tsinke dunƙulen ƙarhe ne zai faɗo ma mutane ga kai.