Yadda ake kafa hukumar ba da takardun shaida ta kanka don kulle saƙonnin syslog

Tsohon tsarin syslog, wato hanyar da na'urori ke aika rahoton abin da ke faruwa a cikinsu zuwa rajista, yana tura saƙonni a fili ta tashar UDP mai lamba 514. Duk wanda ya samu hanyar leƙen layin zai karanta sunayen masu shiga na'ura, adireshinsu da kurakuran manhajoji, har ma ya iya cusa saƙon ƙarya cikin rajistar. Ƙa'idar RFC 5425 ta shekarar 2009 ta tanadi tura saƙonnin a kulle ta TLS, tsarin da ke ɓoye bayanan da ke bin layi, a tasha 6514. Amma don ɓangarorin biyu su tantance juna, sai kowanne ya nuna takardar shaida, kuma na'urorin cikin gida ba sa bukatar hukuma ta waje. Kai ne za ka zama hukumar, wadda ake kira CA a taƙaice. A nan za mu yi aiki da rsyslog, manhajar da ke turawa da karɓar saƙonnin, da certtool na GnuTLS, wanda da shi ake ƙirƙirar makullai da takardu.

Kayan aiki: a Debian da Ubuntu ka girka gnutls-bin da rsyslog-gnutls, a dangin Red Hat kuma gnutls-utils da rsyslog-gnutls.

Mataki na ɗaya: makullin hukuma

Kada ka yi wannan a kan sabar da za ta karɓi saƙonnin. Nemi wata kwamfuta daban, wadda ta fi dacewa ita ce wadda ba ta hawa intanet. Dalili kuwa, duk wanda ya mallaki wannan makulli zai iya buga takarda da sunan kowace na'urarka, kuma sabar za ta karɓe shi hannu bibbiyu.

certtool --generate-privkey --bits 4096 --outfile ca-key.pem
chmod 400 ca-key.pem

Sai ka rubuta fayil mai suna ca.tmpl da waɗannan layuka:

cn = "CA na syslog"
ca
cert_signing_key
crl_signing_key
expiration_days = 3650

Sannan ka buga takardar hukumar, wadda take sa wa kanta hannu:

certtool --generate-self-signed --load-privkey ca-key.pem --template ca.tmpl --outfile ca.pem

Layin nan mai haruffa biyu, "ca", shi ne yake mai da takardar ta zama ta hukuma. In ka manta shi, komai zai fita lafiya lau a yanzu, sai daga baya kowace na'ura ta ƙi amincewa da takardun da ka sa wa hannu. Fayil ɗin ca.pem ba sirri ba ne, kowace na'ura za ta samu kwafinsa. Shi kuwa ca-key.pem ba ya barin wurinsa, sai kwafin ajiya guda da za ka adana a kulle.

Mataki na biyu: takardar kowace na'ura

Kowace na'ura da nata makulli, kuma a kanta ake ƙirƙirar shi. Raba makulli ɗaya ga na'urori ashirin yana da sauƙi a ranar farko, amma ranar da aka kutsa cikin ɗaya sai ka sauya na duka. A kan na'urar ka rubuta na.tmpl da sunan ita na'urar. A wannan misali log.misali.internal sunan sabar ne:

cn = "log.misali.internal"
dns_name = "log.misali.internal"
tls_www_server
tls_www_client
signing_key
encryption_key
expiration_days = 365

certtool --generate-privkey --bits 2048 --outfile key.pem
certtool --generate-request --load-privkey key.pem --template na.tmpl --outfile request.pem

Abin da za ka kai wa kwamfutar hukuma shi ne request.pem da na.tmpl kawai. A can:

certtool --generate-certificate --load-request request.pem --load-ca-certificate ca.pem --load-ca-privkey ca-key.pem --template na.tmpl --outfile cert.pem

A kan dns_name ne aka fi tuntuɓe. Dole sunan ya yi daidai, harafi da harafi, da wanda za ka rubuta a jerin na'urorin da aka yarda da su. In takarda ta ce log.misali.internal, kai kuma ka rubuta log kawai ko adireshin IP, ba za a gaisa ba. Kafin ka mayar da takardar, duba ta:

certtool --certificate-info --infile cert.pem
certtool --verify --load-ca-certificate ca.pem --infile cert.pem

Mayar da cert.pem da ca.pem kan na'urar, ka ajiye su tare da key.pem a /etc/rsyslog.d/tls/.

Mataki na uku: saitin rsyslog

Wannan yana shiga fayil ɗin saitin rsyslog na sabar da na kowace na'ura mai turawa:

global(DefaultNetstreamDriver="gtls"
DefaultNetstreamDriverCAFile="/etc/rsyslog.d/tls/ca.pem"
DefaultNetstreamDriverCertFile="/etc/rsyslog.d/tls/cert.pem"
DefaultNetstreamDriverKeyFile="/etc/rsyslog.d/tls/key.pem")

A sabar ka ƙara:

module(load="imtcp" StreamDriver.Name="gtls" StreamDriver.Mode="1" StreamDriver.AuthMode="x509/name" PermittedPeer=["web1.misali.internal","db1.misali.internal"])
input(type="imtcp" port="6514")

A mai turawa kuma:

action(type="omfwd" target="log.misali.internal" port="6514" protocol="tcp" StreamDriver="gtls" StreamDriverMode="1" StreamDriverAuthMode="x509/name" StreamDriverPermittedPeers="log.misali.internal" queue.type="LinkedList" queue.filename="tura" queue.saveOnShutdown="on" action.resumeRetryCount="-1")

Saitunan huɗu na ƙarshe su ne ke sa saƙonni su tsaya a layi idan sabar ta faɗi, maimakon su zube.

Batun AuthMode yana bukatar natsuwa. Zaɓin anon yana kulle saƙo amma ba ya tantance kowa, don haka ɗan kutse zai iya tsayawa a tsakani ya yi shigar sabar. Zaɓin x509/certvalid yana karɓar duk wata takarda da hukumarka ta sa wa hannu. Shi kuwa x509/name yana duba sa hannun, ya kuma duba sunan, kuma shi ya kamata a yi amfani da shi. Ana iya rubuta *.misali.internal don rage wahala, sai dai jera sunayen ɗaya bayan ɗaya ya fi, domin ranar da aka sace makullin wata na'ura, goge sunanta daga jerin da sake kunna rsyslog ya isa ya rufe mata ƙofa.

Mataki na huɗu: gwaji

Umarnin rsyslogd -N1 zai duba saitin ba tare da kunna komai ba. In bai yi ƙorafi ba, sake kunna rsyslog a ɓangarorin biyu, buɗe tashar TCP 6514 a katangar tsaro, ka tura logger "gwajin TLS" daga mai turawa. Kada ka tsaya a ganin saƙon ya iso. Kunna tcpdump -A port 6514 ka sake turawa. Idan ka iya karanta rubutun a allon, saƙon a fili yake tafiya, kuma galibi Mode ne ba a saita shi a 1 ba.

In saƙo bai iso ba, fara da izinin fayil. A Ubuntu rsyslog yana sauka daga root ya koma mai amfani syslog, don haka key.pem da root kaɗai ke iya karantawa zai hana haɗuwa. Mallaka wa syslog fayil ɗin, ka bar izinin a 400. Sai agogo: takarda tana da lokacin fara aiki, kuma na'urar da agogonta ke baya za ta ɗauki sabuwar takarda a matsayin wadda lokacinta bai yi ba, shi ya sa NTP, tsarin daidaita agogon na'urori, ya zama dole a ko'ina.

Matsalar da ta fi ciwo takan zo ne bayan kwana 365. Takarda ta ƙare, na'urori suna aikinsu kamar kullum, rajista kuwa ta tsaya shiru, ba wanda zai lura sai ranar da aka nemi bayanin wani kutse. Saka wannan a cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, ya riƙa gudana kullum:

openssl x509 -checkend 2592000 -noout -in /etc/rsyslog.d/tls/cert.pem

Daƙiƙa 2592000 kwana 30 ke nan. In takardar za ta ƙare cikin wannan lokaci, umarnin zai fita da lambar kuskure, sai ka haɗa shi da saƙon gargaɗi ta imel. Yi wa ca.pem irin wannan dubawar, domin ranar da ya ƙare, duk takardun da ke ƙarƙashinsa za su daina aiki tare.