Yadda Ake Haɗa Sana'ar Zane da Kiɗan Jaz

Wanda yake son ya ci abinci da zanen littattafai da mujallu, kuma ya ci gaba da kaɗa jaz (salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka) a gaban jama'a, lokacinsa zai fara tsarawa, domin zane yana son hasken safiya da natsuwa, wasan jaz kuwa yawanci da dare ake yinsa. Ware wa kowanne sa'o'insa, kuma kada ka amince da miƙa zane washegarin daren da za ka yi wasa, saboda taura biyu ba ta taunuwa. Kula da wuyan hannunka sosai, tunda shi ne yake riƙe alƙalami, shi ne kuma yake danna fiyano ko tsinkar jita. Da zarar ya fara tsami, ka huta.

A ganina, babbar dabarar ita ce ka sa sana'a ɗaya ta kawo wa ɗayar aiki. David Stone Martin, wani mai zane ɗan Amurka, ya zana bangon faifan jaz fiye da 400, Miles Davis kuma, shahararren mai busa a kiɗan jaz, ya sa zanen da ya yi da hannunsa a bangon faifansa Star People na 1983. Riƙa zuwa wurin atisaye da ƙaramin littafin zane, idan wani ya karɓi nasa zagayen shi kaɗai, sai ka kama yadda kumatun mai busa suke cika, da yadda mai ganga yake karkata kafaɗa. Waɗannan zane-zanen gaggawa su ne za ka nuna wa masu shirya wasanni idan suna neman fosta.

Bangon babban faifai yana da kimanin santimita 31 a kowane gefe, masu ɗab'i kuma suna son ɗigo 300 a kowane inci da tsarin launi na CMYK, wato launuka huɗu da injin ɗab'i yake amfani da su. Sai dai yawancin masu sauraro a waya za su ga zanen, don haka ka ƙanƙanta shi ka tabbatar sunan makaɗi yana karantuwa.

Batun kuɗi yana buƙatar tsayuwar daka, musamman da abokan ƙungiyarka, waɗanda za su iya ɗaukar fosta a matsayin kyauta. Raba ladan zane da ladan kiɗa a rubuce, ka karɓi kafin alƙalami, ka ƙayyade yawan gyaran da za ka yi, sannan ka bayyana ko haƙƙin mallakar zanen yana hannunka idan aka so buga shi a riguna daga baya.