Kafin ka kai ƙarar bot ɗinka

Jama'a masu haɗa bot (manhajar da ke amsa saƙonnin mutane da kanta) a Dialogflow ES, dandalin Google na haɗa irin waɗannan bot, don Allah a daina aika wa masu gyara na dandalin "ba ya aiki" kawai. Wannan ba rahoto ba ne, kuka ne.

Idan bot ya yi shiru, fara gwada shi a akwatin gwaji na hannun dama a shafin Dialogflow, ka buɗe Diagnostic info, inda ake nuna bayanin abin da ya faru. In ka ga DEADLINE_EXCEEDED, to matsalar daga gidanka take: daƙiƙa 5 kacal Dialogflow ke jiran sabarka (kwamfutar da ke aiko wa bot amsa) ta amsa, in ta wuce sai ya yi gaba abinsa. Sabar kyauta mai yin barci in an daɗe ba a taɓa ta ba, tana iya jawo wannan. Saƙon farko ya gaza kafin ta farka, na biyu ya wuce lafiya.

In kuma ka tabbata laifin dandalin ne, rubuta ainihin abin da aka tura wa bot, harafi da harafi, da amsar da kake sa rai, da wadda ta fito, da lokacin da abin ya faru. Matsala ɗaya a rahoto ɗaya.

Kafin ka haɗa hoton allo, goge makullin API (lambar sirrin da manhajarka ke shiga dandalin da ita) da lambobin wayar kwastomomi.