Kurakuran da aka fi yi wajen renon gemun tsoho

Duk wanda ya taɓa ganin hoton tsofaffin itatuwan jihar Luwiziyana, ko na birnin Sabana a jihar Jojiya ta Amurka, ya ga wani abu ruwan toka yana reto daga rassansu kamar furfura. Turawa na ce masa Spanish moss, wato gansakukar Sifen, alhali shi ba gansakuka ba ne, ba kuma daga Sifen ya fito ba. Mahaifarsa ta faro daga kudu maso gabashin Amurka, ta ratsa Meziko har Ajantina da Chile. Masana na kiransa Tillandsia usneoides, kuma dangin abarba ne. A wasu ƙasashen Latin Amurka gemun tsoho ake ce masa, da wannan sunan zan riƙa kiransa.

Kuskuren da ya fi kashe shi tun ranar farko shi ne a sa shi cikin ƙasa. Mutum ya saba duk abin shuka a tukunya yake zama, sai ya cusa gindinsa cikin ƙasa da taki, ya bi da ruwa. Gemun tsoho ba shi da saiwa ko ɗaya. Jikinsa lulluɓe yake da wasu ƙananan ɓawo masu kama da na kifi, su ne ke ba shi launin toka, su ne kuma ke tsotsar ruwan sama da raɓa da ɗan abincin da ƙura ta kawo. Duk ɓangaren da aka binne ruɓewa zai yi. Gyaran mai sauƙi ne: a zare shi, a ɗauraye, a datse abin da ya yi baƙi, a rataye shi a reshe ko ƙugiya. Wasu kuma na tsoron ɗora shi a bishiyarsu don suna zaton irin kauci ne. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan jikin bishiya, shi kuwa wannan wurin rataya kawai yake nema. Iyakar abin lura shi ne idan ya yi yawa yana iya tare wa ganye haske, sai a rage.

Akwai kuma wanda tun a kanti aka sayar masa da gawa. Ana busar da shi, wani lokaci har a rina, a zuba cikin leda don adon tukwanen furanni, kuma wannan ko shekara ka yi kana ba shi ruwa ba zai tashi ba. Kafin ka wahalar da kanka, tsoma shi a ruwa. Mai rai cikin 'yan mintoci zai koma kore-kore, silinsa na lanƙwasuwa ba ya karyewa. Matacce yana nan launin ƙasa, yana marmashewa, sai ka ga wani baƙin zare kamar gashin wutsiyar doki a tsakiyarsa. Da wannan zaren ne mutanen kudancin Amurka suka daɗe suna cusa katifa da kujeru, har da na motoci a farkon ƙarni na 20.

Maganar ruwa ce ta fi rikita mutane, kuma ta fuska biyu ake kuskure. Na farko ya ji an ce tsiron iska ne, sai ya ɗauka iska kaɗai ta wadace shi, ko ya riƙa ɗan fesa masa ruwa sama-sama. A inda ya fito, iska ɗauke take da laima, ruwan sama kuma na jiƙa shi sharkaf. Feshi biyu daga kwalba ba ya kai wa silin da ke ciki. Alamar ƙishi ita ce bakin ganyen ya bushe, ya murɗe, ya yi kaushi a hannu. Abin yi shi ne a sauke shi gaba ɗaya a nutsa cikin baho, minti 20 zuwa 30, sau ɗaya ko biyu a mako.

Na biyun ya fi ban tausayi, domin ƙauna ce ta yi yawa. Ni ma a nan na rasa dunƙulena na farko. Na haɗa shi ƙulli ɗaya mai kauri saboda ya fi kyan gani, na rataye a kusurwar da iska ba ta ratsawa, kullum ina ba shi ruwa. Ta waje lafiya lau yake. Ranar da na buɗa tsakiyarsa da yatsu, sai na tarar ya yi baƙi, yana yauƙi, yana warin jiƙaƙƙen tsumma da ya kwana a bokiti. Wannan tsiro yana so ya jiƙe sosai, ya kuma bushe sarai cikin kamar awa 4. Don haka bayan tsomawa a kakkaɓe shi, a warware shi sili-sili yadda kana iya hango haske ta tsakaninsa, a rataye inda iska ke kaɗawa. In cikin ɗaki ne, a kunna masa fanka. Kuma da safe ake ba shi ruwa, domin da dare ne yake buɗe ƙofofin jikinsa ya shaƙi iska. Idan ya kwana a jiƙe, an toshe masa hanci ke nan.

Irin ruwan ma da magana. Na sama shi ne gaba, wanda ke da halin tarawa ya tara. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi. Ruwan zartsi ko na burtsatse mai barin farin tabo a jikin buta yana toshe ɓawon nan a hankali, har tsiron ya kasa sha.

Wani abin da mutane ba sa kawowa a ransu shi ne abin ɗauri. Jan ƙarfe, irin na cikin wayar lantarki, guba ne ga duk dangin nan. A yi amfani da zaren roba na kamun kifi, ko kawai a sargafa shi a reshe ba ɗauri. Taki kuma ba dole ba ne. In za a sa, na ruwa ne, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata. 

Wajen haske, a tuna a ƙarƙashin rassa yake rayuwa. Ranar hantsi ko haske mai ratsowa ta ganye shi ne daidai. Tsakar rana a fili tana ƙona shi, ɗaki mai duhu kuma yana sa shi ya lalace a hankali. Mai renonsa a Kano ko Maraɗi, babban abokin gabarsa hunturu ne da bazara, lokacin da iska ke bushewa ƙayau, ƙura kuma ta lulluɓe shi. A waɗannan watanni a matsar da shi inuwar mangwaro ko baranda mai kariya daga iskar gabas, a riƙa tsoma shi duk bayan kwana biyu, a haɗa da feshin safe. Damina na sauka a janye hannu, a bar shi da ruwan Allah. A nisanta shi da na'urar sanyaya ɗaki da hayaƙin janareta.

Tsuntsaye ma suna son sa don yin sheƙa, kuma za su iya kwashe ɗan ƙaramin dunƙule cikin 'yan kwanaki. Kafin ya yi yawa a kewaye shi da raga. Guntayen da suka zubo ƙasa kada a share su da tsintsiya: duk silin da ke da rai, in aka rataye shi daban, zai ci gaba da tsawo ya zama sabon gemu.