Yadda Ake Zaɓar Yawon Bakin Teku Ba Tare Da Ɗan Jagora Ba: Da Mota Ko Da Ƙafa?

Tun da na dawo daga Gana karo na biyu, kusan duk Alhamis in na shiga kasuwar Maigatari sai an sami mai tare ni da tambaya: “Yaya, ni ma ina son in ga tekun nan, ta ina zan fara?” Mutum uku daga ƙauyukan da ke kewayenmu sun tafi bayana. Biyu daga cikinsu sun dawo da gajiya da aljihu fanko, kuma wuri ɗaya suka yi tuntuɓe, wurin da ni ma na yi a tafiyata ta farko. Zancen yin fasfo da sayen tikiti ba zan tsaya a kansu ba, kowa ya san ƙofarsu.

Da farko ka zaɓi ƙasa da fasfonka, ba da hotunan Facebook ba. Akwai samarinmu da suka ɓata watanni suna mafarkin gaɓar tekun Fotugal ko Ailan, aka ci kuɗin neman biza, aka ce musu a’a. Mai fasfon Najeriya yana shiga ƙasashen ECOWAS babu biza, ya zauna har kwana 90. A cikinsu ni Gana nake cewa a fara da ita, kuma ba na sassautawa a kan haka. Senigal tana da kyau, amma in ba ka jin Faransanci ko Wolof, bakinka a ɗaure yake. A Gana kuwa kusan duk babban gari akwai zango, akwai masallaci, akwai mai amsa maka sallama da Hausa. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, hanyar ba baƙuwarmu ba ce. Hannun tuƙinsu ma irin namu ne, dama ake bi. Katin allurar shawara dai ka tabbatar yana cikin fasfonka, ana tambayarsa a wurin shiga.

Na biyu, lokaci. Wannan Allah Ya sauƙaƙe mana shi. Daminar bakin tekun Gana ta fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, kuma yammacin ƙasar, wajen Axim, ya fi ko’ina shan ruwa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ƙasa ta bushe, lokacin kuma mu mun gama kaka, an sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi na hannu. Sai dai ka kauce wa makonni biyun ƙarshen Disamba, masauki yana tsada sosai saboda masu zuwa hutu daga ƙasashen waje.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, wato zaɓi tsakanin mota da ƙafa.

A tafiyata ta farko na buɗe taswirar waya na ga Akara zuwa Kep Kos kusan kilomita 150 ne, kamar Kano zuwa Zariya. Na ce ai awa biyu ce. Da wannan lissafin na jera garuruwa tara a kwana bakwai, na ɗauki hayar mota ta mako guda tun daga Akara. Abin da taswira ba ta nuna mini ba shi ne Kasowa. Garin yana bakin fita daga Akara ta yamma, a kan babbar hanyar N1, kuma cunkoson da ke wurin sai wanda ya gani. Mun fito da hantsi, azahar ta same mu ba mu yi nisa ba. Bayan nan hanyar tana ratsa tsakiyar garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ga tudun rage gudu, ga kasuwar Mankesim a bakin titi, ga manyan motoci masu zuwa Takoradi da iyakar Kwaddebuwa. Sai bayan la’asar muka shiga Kep Kos, wuya ya sage.

Abin da ya fi ci mini rai, daga nan motar ta zama kaya. Kwana uku tana ajiye a ƙofar masauki ina biyan kuɗinta, domin daga Kep Kos zuwa Elmina tafiyar minti ashirin ce a tasi, cikin garuruwan kuwa lunguna ne da ƙafa ta fi taya amfani. Kamfanin hayar ma sai da na zo sa hannu na gane cewa kuɗin da aka faɗa mini a waya na yawo cikin Akara ne, fita wajen gari farashinsa daban, ga kuɗin ajiya mai kauri da suka riƙe, wanda sai da na yi ta bin sawu kafin ya dawo. Yawancin masu ba da haya a can sun fi son su haɗa ka da direbansu, abincinsa da makwancinsa kuma a wuyanka. Saboda haka kafin ka biya ko sidi ɗaya, wato kuɗin Gana, ka sa a rubuta maka abu huɗu: iyakar inda za ka kai motar, ko akwai adadin kilomita a rana, abin da inshora ta ɗauka, da ranar da za a mayar maka da kuɗin ajiya. Ka ɗauki bidiyon jikin motar a gabansu. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ka yi shi tun daga gida, akwai shingayen ’yan sanda a hanya.

Dokata yanzu ita ce, kada ka lissafa kilomita, ka lissafa awa, abin da waya ta ce maka kuma ka ƙara rabinsa. Masauki biyu kacal a mako, ba tara ba. Daga Akara ka hau bas zuwa Kep Kos, wani ya sha wahalar Kasowa kana zaune. In lallai sai ka tuƙa, ka ɗauki motar a Takoradi na kwana biyu ko uku, don a yammacin nan ne take biyan kuɗinta: zuwa Kep Tiri Poyints, ƙarshen ƙasar Gana ta kudu, inda hanyar ba ta da kyau kuma motocin haya ba su da yawa, ko zuwa Beyin, inda ake shiga kwalekwale a je Nzulezo, ƙauyen da aka gina kan turaku a tsakiyar tafki. Kuma ba a tuƙin dare. Ƙarfe shida rana ta faɗi, duhu yana rufewa nan da nan. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara naka saboda lokutan salla.

Tafiyar ƙasa ita na fi so, ita ce kuma mai araha. Ka sauka a Busuwa, wani ƙauyen bakin teku a yamma da Takoradi. Daga nan Dikskob tana gefe ɗaya, ƙasa da awa guda, da tsohuwar ganuwar Turawa a kan tudu tana kallon jiragen masunta. Butre tana ɗaya gefen, kimanin kilomita uku ta bakin ruwa. Amma fa mu ’yan Jigawa muna da wani ruɗi, muna ganin wanda ya tashi cikin jigayi ya gama sanin rairayi. Zafin can mai laima ne, gumi ba ya bushewa a jiki kamar namu, kilomita uku sai ta zama kamar takwas. Ka fita bayan asuba, ka taka jiƙaƙƙen yashi na kusa da ruwa, shi ne mai tauri. Teku kuma tana cika tana janyewa sau biyu a yini da dare. Wurin da ka wuce a bushe da safe, bayan awa shida za ka iya tarar da ruwa ya kai ga duwatsu. Mai masaukinka ya san lokacin, ka tambaye shi kowace safiya, ka tambaye shi kuma ko hanyar da za ka bi ana bin ta mutum ɗaya. Inda babu jama’a ku tafi ku biyu ko uku, fasfo da kuɗi su zauna a ɗaki.

Roƙo ɗaya nake yi, don Allah. Iya iyo a kogin Haɗeja ko kududdufin bayan gari ba shi ne iya teku ba. Ruwan gaɓar nan yana da ja ta ƙasa, yana ɗebe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ya yi ciki da kai. Wani ƙanena da muka je tare ya shiga iya gwiwa kawai, igiya ɗaya ta kayar da shi, wani masunci ne ya damƙo rigarsa. Iya idon sawu ya ishe ka hoto.

A Kep Kos da Elmina ka ware yini guda cur. Ginin tsohuwar ganuwar Elmina ’yan Fotugal suka kafa shi a 1482, kuma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi suna nan. A nan kam ka bi mai bayani na wurin, kada ka yi rowar kuɗinsa. Wurin ba na raha ba ne, na fito jikina a sanyaye. Washegari ka je dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Kep Kos, ka hau gadojin igiya da aka ɗaura a saman bishiyoyi, da sassafe kafin motocin ’yan makaranta su iso.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka sayi layin waya na can ranar da ka sauka. Ka riƙe sidi a hannu, ƙauyukan bakin ruwa ba sa jiran kati. Abinci ka nemi zango: koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da suke kira wace da rana, tuwon zafi da dare, nama kuma ka san wanda ya yanka. A wurin masunta kifi da dokunu, wato tuwon masararsu mai tsami, ya wadatar, sai dai a garuruwa da yawa ba a fita kamun kifi ranar Talata, don haka in hoton jirage suna shigowa da kifi kake so, kada ka sa shi a wannan ranar. Kwanan ƙarshe ka yi shi a Akara, kada ka kuskura ka taso daga Kep Kos ranar da jirginka zai tashi.