Kafin ka sayi Tiggo a Kumasi, ka san wacce ce a gabanka

Sunan Tiggo ya kai shekara ashirin yana manne a bayan motoci, kuma motocin da suka ɗauke shi sun sha bamban ƙwarai. Ni aikina gyaran mota ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma tun da motocin China suka fara yawa a titunan Aboabo da Asawase da Tafo, tambayar da ta fi zuwa mini ita ce, "Masta, Tiggo tana da kyau kuwa?" Ba na iya amsawa sai na ga motar, don kuwa wadda aka ƙera a 2008 da wadda aka ƙera a 2021 suna kawai ya haɗa su. Inji daban, giya daban, man da suke sha daban. Saboda haka in za ka saya, fara sanin tarihinta, shi zai nuna maka inda za ka duba.

Kamfanin Chery ne ke ƙera ta. An kafa shi a 1997 a birnin Wuhu da ke lardin Anhui, kuma ƙaramar motarsa QQ, wadda ta fito a 2003, ita ta fara sa duniya ta san shi. Tiggo ta farko ta fito a 2005. Duk wanda ya gan ta ya ga Toyota RAV4 ta wancan lokacin: tsayi kusan ɗaya, ƙofar baya mai buɗewa gefe, ga safayar taya rataye a jikin ƙofar. A lokacin kamfanin yana koyon tafiya ne, har injin ma na farko-farkon samfurin Mitsubishi ne, mai lita 2.0 da mai lita 2.4. Daga baya suka koma injinsu na kansu mai suna ACTECO, wanda suka tsara tare da kamfanin AVL na ƙasar Ostiriya. Wannan tsohuwar gangar jiki ta daɗe tana aiki. An yi ta yi mata kwalliya, a 2014 aka sake mata fuska aka kira ta Tiggo 3, amma a cikin kamfani lambarta ba ta canza ba, T11 ce. Ka riƙe wannan lamba, domin yawancin kayan gyaranta da ita suke farawa.

Tiggo 5, wadda ta fito a 2013, ita ce ta fara rabuwa da waccan kama. An cire taya daga ƙofar baya, ƙofar ta koma ɗagawa sama, lambarta T21. Babban sauyin kuwa a 2016 ya zo, da Tiggo 7, mai lamba T15. An gina ta a kan sabon tushe da suke kira T1X, aka sa mata inji mai lita 1.5 da turbo. A kan wannan tushen aka ɗora ƙaramar Tiggo 5x a 2017 da babbar Tiggo 8 mai kujera bakwai a 2018, sannan zubi na biyu na Tiggo 7, wanda a ƙasashen waje ake sayarwa da sunan Tiggo 7 Pro, ya bazu daga 2020. A ganina, daga 2016 ɗin nan ne motar ta zama wadda ba na jin nauyin ba ɗan'uwana shawarar ya saya. Tsohuwar ma ba ta mutu ba, tana da sauƙin gyara, amma kada ka biya mata kuɗin sabuwa.

To, yanzu ga ka a gaban mota a gareji, dillali na ta zuba. Kada ka fara da fenti ko kujeru. Je wajen gilashin gaba, ta gefen direba, can ƙasa, ka karanta lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne. In ta fara da L, a China aka ƙera ta, kuma na Chery galibi da LVV suke farawa. Sai ka ƙirga zuwa na goma, shi ne shekarar motar: 8 tana nufin 2008, A 2010, E 2014, G 2016, J 2018, L 2020, M 2021. Ba a amfani da I ko O ko Q, shi ya sa daga H ta 2017 ake tsallakawa zuwa J. Ɗauki hotonta da wayarka, ka gwada da wadda ke jikin ginshiƙin ƙofa da wadda ke takardar kwastan. Duka ukun dole su zo ɗaya, harafi da harafi.

Nan ne mutanenmu da yawa ke ruɗewa. Lambar mota irin wadda muka saba gani, misali mai AS a gaba da 22 a ƙarshe, tana gaya maka shekarar da aka yi mata rajista ne a DVLA, hukumar rajistar motoci, ba shekarar da aka ƙera ta ba. An taɓa kawo mini wata da wani Alhaji daga Sabon Zango yake shirin saya wa iyalinsa. Dillali ya rantse sabuwa ce, ga lamba ta kwanan nan, an kuma manna mata sabon tambari a baya. Na sa yatsa a kan harafi na goma na ce, "Alhaji, duba nan da kanka." B ce, wato 2011. Ya yi shiru, ya mayar da tabaransa aljihu, ya ce wa dillalin, "Allah ya ba ka wani mai sayen." Shekarun nan suna da tasiri har a tashar jiragen ruwa ta Tema, domin motar da ta haura shekara 10 ana ɗora mata tara a kan kuɗin fito.

Sai ka buɗe bonet. Injin Chery yana ɗauke da lamba mai farawa da SQR. In ka ga 481 ko 484 a cikinta, na tsohon zubi ne, kuma bel ne ke juya masa bawul, haka ma na Mitsubishi. Bel ɗin nan ba ya sallama kafin ya tsinke, kuma in ya tsinke kana gudu, bawul na iya lanƙwashewa, aiki ya koma sauke kan inji. Motar hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a waje kafin a shigo da ita, ba kasafai take zuwa da tarihin gyaranta ba, don haka ka sa kuɗin sabon bel da famfon ruwa a cikin lissafinka tun kafin ku yi ciniki. In kuma ka ga E4T15, mai turbo ne. Wannan ba ya son wasa da baƙin mai. Cire murfin mai ka leƙa da tocila: in ka ga baƙin dasƙararren abu manne a ciki, mai motar ya riƙa jinkirta juye, kuma turbo ce za ta fara biyan bashin. Ka ce a tayar da ita da sanyinta, ba wadda aka riga aka ɗumama kafin ka iso ba, ka tsaya a baya ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana cin mai.

Giya ita ce inda na fi so ka daɗe. Waɗannan motoci sun zo da iri-iri, daga ciki akwai ta hannu, da CVT, da kuma DCT mai kulochi biyu. Daga kujerar direba biyun ƙarshen duk otomatik suke, amma cikinsu ba ɗaya ba ne, kuma kowace da irin man da take sha. CVT tana aiki ne da bel na ƙarfe tsakanin faifai biyu, in aka zuba mata man otomatik na gama-gari sai ta fara zamewa, daga nan kuma sai kuɗi masu yawa. Na sha ganin yara masu koyon aiki suna ɗauko jan man giya don shi ne a kusa, kuma kullum ina hana su. Tambayi mai motar wane mai aka zuba, kuma a ina. In ya ce bai sani ba, ka rage farashi.

Gwaji kuma kada ya tsaya a zagaya gareji. Shiga cunkoson shataletalen Suame da rana tsaka, inda za a yi ta tsayawa ana tashi, ka saurari ko tana fizga ko tana rawa in za ta ɗaga, ka kuma sa ido a kan allurar zafi da na'urar sanyi a kunne. Daga nan ka miƙa hanyar Offinso ka taka ta sosai. In inji na ihu amma gudu ba ya ƙaruwa, giya na zamewa. Da kun dawo, a jona mata na'urar kwamfuta a karanta abin da ta ɓoye, domin ana iya goge fitilar gargaɗi daga allo. Ɗaga kafet ɗin ƙasa kuma ka shinshina. Busasshiyar laka a ƙarƙashin kujera ko tsatsa a kan kusoshinta alama ce ta motar da ruwa ya taɓa cinyewa, kuma irin wannan wayoyin lantarkinta ba sa daina ba da wahala. Ni ba na ba kowa shawarar ya saye ta ko da rabin kuɗi.

Akwai kuma batun suna. Motar da aka yi don kasuwar cikin China da wadda aka yi don fitarwa ba koyaushe suke amsa suna ɗaya ba: Tiggo 5x a can ita ce Tiggo 4 a waje, Tiggo 3x kuma ita ce Tiggo 2. Yanzu da matasanmu ke yin odar motoci kai tsaye daga China, za ka ga allon cikin motar da rubutun Sinanci, wani yana juyuwa zuwa Turanci, wani ba ya juyuwa. Gwada shi a gaban mai sayarwa. Jetour ma, wadda ake ta gani a Accra, daga gidan Chery ta fito a 2018, amma kada ka ɗauka kayanta za su hau Tiggo don kawai 'yan gida ɗaya ne.

Kafin ka miƙa kuɗi, yi abu ɗaya da mutane ke rainawa. Ɗauki hoton lambar shasi da ta inji, ka zaga shagunan kayan gyara a nan Magazine, ko ka kira wani a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, ka tambayi farashin abubuwa kamar takalmin birki, shokozoba, lagireto da fitilar gaba. In ana samunsu a kan kanta, madalla. In kowa ya ce sai an yi oda, to ka sani duk ranar da aka goge maka fitila a Kejetia motar za ta yi makonni a ajiye. Sannan ku je DVLA tare da mai motar a sauya suna a gabanka, bayan ka tabbatar takardun kwastan na gaske ne. Ranar da ta zama taka, kafin ka ɗauki iyali zuwa Techiman ko Tamale, kawo ta a juye baƙin mai da man giya da ruwan lagireto, ka rubuta kilomita da kwanan wata a ɗan littafi ka ajiye a cikin motar.